Ledar da Ta Raba Mu da Tsibiri

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni kunne. Ga ta nan tafe gare ku, kuma ba tatsuniya ba ce. A gaban idona aka yi ta, tsakanin ɗan cikina da mutanen da na ci abincinsu shekara da shekaru.

Iyayena mutanen ƙasar Kano ne, amma a Gamboru aka yanke cibiyata, a unguwar Lamisula cikin Maiduguri aka kai ni aure, a nan kuma na tsufa. Maigidana Alhaji, Allah ya jiƙansa, fataucin banda yake yi. Kifinsa daga tafkin Chadi yake zuwa, mafi yawansa kuma daga hannun mutum ɗaya, Bulama, wato mai garin wani ɗan tsibiri can gaba da Baga. Ɗan ƙabilar Buduma ne, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa. Ciniki ne ya haɗa su, cinikin ya daɗe har ya koma zumunci. Bulama ba ya kiran Alhaji sai "sawanyi", wato abokina da Kanuri.

Wata shekara Bulama ya ce masa, "Sawanyi, kai kaɗai za ka riƙa shan iskarmu, iyalinka suna can suna dahuwa a cikin bulo? Kawo su."

Tun daga nan, duk sanda aka ba yara hutun makaranta na lokacin sanyi, lokacin da ruwa ya cika ya batse, sai mu kulle gida mu tafi. Maƙwabta su yi ta mana dariya. Mutane suna kai 'ya'yansu Kano da Jos su ga gari, mu muna kwasar namu zuwa inda ko ashana sai ka yi tanadinta. Mota ta kai mu Baga, jirgi mai inji ya bi da mu ta hanyoyin da aka sare a cikin ciyawar ruwa, inda inji ya gaza a koma kwale-kwale, har ciyawa ta buɗe, ka ga tsibirin a kwance.

Yashi ne fari tas, mai laushi, ƙafa tana nutsewa a ciki. Goruba a tsaye nan da can. Ruwa a gabanka iya ganinka. A bakin ruwan, ɗan nesa da gidajensu, mutanen Bulama sukan gina mana bukkoki uku na ciyawa da zana: ɗaya tawa da 'yan mata, ɗaya ta Alhaji, ɗaya ta samari. Damina takan rushe su, su kuma kafin mu iso sun sake tayar da su, sun share gabansu, sun ajiye randa. Ba mu taɓa aika musu cewa ga mu nan zuwa ba. Sun san lokacinmu.

A can na ga 'ya'yana sun zama mutane. Yaron da a gida sai an bi shi da bulala zai ci tuwo, a tsibiri shi ke lashe ƙwarya. Su wuni a ruwa, su fito idanu jajur, a gasa musu karfasa a kan garwashi, su ci har da kai. Ni kuwa a can kaɗai nake zama in miƙe ƙafa da rana tsaka ba wanda ya ce mini ina abu kaza.

Mutanen suna da ƙa'idodinsu. Ba a sare ɗanyen itace. Ba a shiga ruwa da sabulu, sai dai ka ɗebo ka hau tudu ka yi wankanka. Ƙaramin kifi in ya shiga komar masunci, a mayar da shi ruwa. Amma babbar dokar, wadda ko yaro ya sani, ita ce leda ba ta hawa tsibirin. A wurin da jirgi ke tsayawa akwai wata tsohuwar goruba. A ƙarƙashinta matan gari sukan jera ƙore da kwanduna da tukwane. Duk abin da ka zo da shi a leda, sukari ne, gishiri ne, ganyen shayi ne, a nan za ka juye shi, ka tattara ledojin ka miƙa wa mai jirgi ya koma da su. Ba wanda zai taɓa kayanka. Ba a binciken baƙo. Kai da kanka za ka kwance, don an yarda da kai.

Dalilin dokar shanu ne. Shanunsu ba irin namu ba ne. Farare ne, ƙahoninsu manya, kumburarru kamar tulu, kuma a ruwa suke rayuwa. Da safe sai ka ga garke ya gangara ya shiga tafki, ba ka ganin komai sai hanci da ƙaho, su haye wani tsibirin su yi kiwo, da yamma su iyo su dawo. Saniya kuwa in ta ga leda a ciyawa sai ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, ba ta fita. Ta zauna a ciki, wata ta zo ta same ta, har saniya ta daina cin abinci ta rame ta faɗi.

Matar Bulama ƙawata ce. Ba na jin yarensu, ita ba ta jin Hausa sosai, sai muka haɗu a Kanuri. Tana kirana 'yar birni, ina kiranta 'yar ruwa. Tana da saniyarta ta kanta, daga tsatson wadda ubanta ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan miji. Uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi 'ya, har aka zo kan wata fara mai tabon toka a goshi, ita kaɗai ta rage mace a wannan tsatson. In ƙawata ta tsaya a bakin ruwa ta yi wani kira da maƙogwaro, saniyar nan za ta ware daga garke ta nufo ta. Nonon gidan nan duk 'ya'yana suka sha.

To, sai shekarar da babban ɗana ya ce zai bi mu.

Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi. In tana da saƙo sai ta bi ta bakin wani. Haka na taso na gani, haka na yi. Yaron ya girma, ya yi aure, ya haihu, ya buɗe ɗan gidan ruwansa, irin ruwan ledar nan da ake cewa fiya wata, har da tambarinsa mai shuɗi a jiki. Ya jima rabonsa da tsibiri, kullum aiki. A wannan shekarar ya ce zai kai matarsa da 'ya'yansa su ga inda ya yi ƙuruciya. Na ji daɗi, ban dai nuna ba.

A Baga, ana loda kaya a jirgi, na ga naɗin tabarmi biyu sun yi kauri fiye da ƙima, maza biyu suna ɗaga kowanne suna nishi. Gefen ɗaya ya buɗe, na hango jakunkunan ruwansa a ciki. Na matsa kusa da Alhaji.

"Alhaji, ka ga abin da yaron nan ya naɗe a tabarmi?"

"Na gani."

"To?"

"Tsaraba ce, Hajiya. Yaro ya fara samu, yana so a san ya samu. Zai je gidan mutane hannu biyu? Ki bari, zan yi masa magana a jirgi."

A jirgi Alhaji ya zauna kusa da mai tuƙi, suka kama hirar tarwaɗa, ba su sake ta ba sai da muka ga goruba. Na kalle shi, ya kau da kai. Muka sauka, aka yi ta gaisuwar Kanuri, "wushe, wushe", aka rungume juna. Na juye sukarina da gishirina a ƙwarya kamar kullum. Surukata ma ta juye nata. Tabarmi kuwa aka saɓa su aka wuce da su ta gindin gorubar nan, a gaban matan gari, ba wadda ta ɗaga ido. Wa zai ce ɗan da suka goya zai yi musu haka?

Washegari da hantsi ina zaune da ƙawata muna gyaran kifi, sai muka ji ihun yara. Ɗana ne a tsaye a kan yashi, ya farke jaka, yana ɗaga ruwan sama.

"Ku zo ku sha ruwan birni! Kowa ya zo, akwai da yawa!"

Yaran tsibiri suka yanyame shi. Ya nuna musu yadda ake cizon kusurwa a tsotsa. Wasu suka sha, wasu suka matse suna fesa wa juna a fuska. Ƙawata ta fara da dariya.

"'Yar birni, ɗanki ya kawo wa kifi ruwa?"

Ba ta rufe baki ba iska ta ɗauki ledar farko, ta mirgina ta a kan yashi, ta wuce da ita ta gabanmu. Sai ta biyu. Sai na ga dariyar ta bar fuskarta. Ta ajiye wuƙa ta miƙe.

Ranar nan duk macen da ke tsibirin ta bar aikinta. Ni da girmana na ɗaure zani na shiga ruwa har gwiwa ina tsintar leda. Surukata, Allah ya yi mata albarka, ta shiga har ƙugu da goyo a bayanta. Muka tsinci abin da ido ya gani. Amma abu ne mara nauyi, kuma launinsa launin ruwa. Iska ta riga ta kai da yawa cikin dogayen ciyayin da shanu ke bi. Shi kuwa mai tsarabar yana tsaye hannu a aljihu yana cewa, "Haba, don Allah ku bari, ai ba wani abu ba ne."

Bayan la'asar Bulama ya zo bukkar Alhaji. Ina daga bakin tawa ina jin su. Ya yi gaisuwa doguwa, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce, "Sawanyi, gorubar tana nan inda ka san ta."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Kafin ya ce komai ɗana ya karɓe.

"Baba Bulama, ruwa ne fa mai tsabta, alheri na yi nufi. Kuma ni ban ce a yar ba. Yaranku ne suka zubar."

Bulama ya dube shi, kallon da ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba. Ya juya ga Alhaji ya tambaye shi ciwon ƙafarsa, ya yi sallama ya tafi.

Muka ƙarasa hutunmu. Ba a rage mana komai ba. Nono yana zuwa da safe, kifi yana zuwa da rana. Ranar tafiya aka raka mu har jirgi da banda da man shanu kamar yadda aka saba. Ɗana a jirgi har yana cewa matarsa, "Kin gani? Hajiya ce kawai ta ɗauki abin da zafi."

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Gab da damina direban da ke kawo wa Alhaji kifi ya yi sallama a ƙofar gida. Dattijo ne, ya daɗe yana bin hanyar. Ya ce saƙon na mu biyu ne, sai Alhaji ya shigo da shi zaure, ni kuma na tsaya daga bakin ƙofa. Ya ajiye wani ɗan kwandon kaba a rufe da faifai, ya buɗe. Wari ya fara dukana. Wani dunƙule ne baƙi-baƙi, ya kai kan yaro, a murɗe kamar tsohuwar igiya. Alhaji ya sa tsinke ya ɗaga gefensa. Shuɗin tambarin ɗana yana nan, bai gama gogewa ba.

Direban ya ce, "Daga cikin saniyar matar Bulama aka ciro. Mai tabon goshin. Ta daina ci, ta daina bin garke, sai da suka sa mata wuƙa don kada ta tafi mushe. Da ciki kuma."

Na dafa bango.

Ya ce, "Bulama yana gaishe ku. Ya ce ciniki yana nan yadda yake. Ya ce bukkokinku ba a rushe su ba, ba kuma za a gyara su ba, sai wanda ya kawo abin ya zo ya zauna a yashi."

Na san abin da ake nufi, don na taɓa ganin an yi. A can, in dabbar wani ta salwanta ta sanadinka, ba biya ake yi ba. Biya ma zagi ne, kamar ka ce saniyar kayan kasuwa ce. Za ka zo da rana, mutane suna gani, ka cire hula da takalmi, ka zauna a ƙasa a ƙofar mai dabbar, ka ce, "Ni ne." Ya bar ka ka ɗan zauna. Sannan ya fito da ƙwaryar nono ya miƙa maka. Ka sha, magana ta ƙare, ba mai sake tayar da ita har abada. Iyakar abin da aka nema ke nan. Da shi za a mayar mana da bukkokinmu.

Alhaji ya aika aka kira ɗana. Suka zauna a tsakar gida, ni ina gefe ina tsintar shinkafa, surukata tana bakin murhu. Alhaji ya nuna masa kwandon, ya faɗa masa saƙon a hankali kamar mai lallashin jariri.

Ɗana ya toshe hanci ya ce, "Baba, ni da iyalina da ma'aikatana, in je in zauna a ƙasa gaban masunta saboda saniya? Saniya ce fa. A bar ni in sayo musu wadda ta fi ta."

Ban san sanda na ture farantin ba. Na kira sunansa. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa. Ludayi ya faɗi daga hannun surukata. Alhaji ya ce, "Hajiya!" Na ce, "Alhaji, ka yi naka a jirgi, bar ni in yi nawa."

Na ce, "Kai nake kira. Ɗago ka dube ni. Nonon kakar saniyar nan ka sha har kumatunka suka fito. Wutsiyar uwarta ka riƙe ka koyi iyo, ina tsaye a bakin ruwa gabana yana faɗuwa. Matar nan ta goya ka sanda zazzaɓi ya kwantar da ni. Ka san dokar, shi ya sa ka naɗe abin a tabarma. Wanda bai sani ba ai ba ya ɓoyewa. Ba dukiyarka aka nema ba. An ce ka zauna. Ƙasar ce ta fi ƙarfinka, ko hular ce aka ɗinke maka a ka?"

Bai ɗago ya dube ni ba. Can ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Zan gyara."

Na ɗauka na ci nasara. Ashe gyaransa dabam. Ya tafi kasuwar shanu a Gamboru, ya zaɓi wata jar saniya ta Shuwa, ƙatuwa, mai sheƙi, ya sa aka loda ta a mota aka nufi Baga. Bai gaya wa kowa ba sai da ta yi nisa.

Direban kifi ne ya ba mu labarin abin da ya biyo baya, yana yi yana danne dariya don ganin fuskata. Ya ce jar saniya da ta ga ruwa sai ta kafe, maza suka ja suka tura, ko motsi. Sai da aka ɗaure ta ƙafa huɗu aka kwantar a jirgi, tana kuka har tsibiri. A can kuma, da safe garke ya gangara ya shiga tafki, ita ta tsaya a bakin yashi ita kaɗai tana ta kururuwa har yamma. Yara suka mai da ita abin kallo. Bulama ya sa aka riƙa yanko mata ciyawa, aka kula da ita sosai, sannan ya sa aka sake ɗaure ta aka mayar da ita jirgi, da sabuwar igiyar kaba a wuyanta. Saƙonsa gajere ne: "A ce wa yaron saniyarsa tana kewar gida."

Aka sauke ta a ƙofar gidanmu da rana tsaka, Lamisula kaf tana kallo. Maƙwabciyata mai ƙosai ta leƙo ta katanga.

"Hajiya, ashe har shanu kuke kaiwa hutu yanzu? Sannu da zuwa, jar saniya! Ina tsarabar bandarmu?"

Ban fita ƙofar gida ba sai da aka ɗauke ta.

Da sanyi ya zagayo, jikoki suka fara tattara 'yan kayansu. Na ce su ajiye. Ni da Alhaji kaɗai muka tafi. Aka tarbe mu a gindin goruba da "wushe" kamar da. Amma da na waiga wajen bukkokinmu, rufin ɗaya ya rufta, zanar ɗaya ta ruɓe ta kwanta, awaki suna kwance a cikin tawa. Alhaji ya wuce kai tsaye ƙofar Bulama, ya tuɓe takalmi, ya kai hannu zai cire hula. Bulama ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

"Sawanyi, kada ka kunyata ni. Ba kai ba ne."

"Ɗana ne. Ni na gani na yi shiru."

"Na sani. Shirunka tsakanina da kai ne, kuma ya wuce. Nasa a gaban mutane ya yi."

A ɗakin ƙawata na sauka. Ta rame. Da yamma in garke yana fitowa daga ruwa sai ta shige ɗaki ta kama wani aikin. Ba mu yi maganar ba sai ranar da za mu tafi, tana raka ni jirgi.

Ta ce, "'Yar birni, ni ba fushi nake ba. Amma gari ya gani. In Bulama ya ƙyale ɗan abokinsa, gobe ɗan wa zai hana? Zama ɗaya ne fa. Wallahi har ƙwaryar da zan zuba masa nono na ware. Ki turo mini shi."

Na dawo na faɗa masa, baki da baki, tunda kunyar ta riga ta fashe. Ya ce in sha Allahu baɗi. Baɗi ta zo, ya ce injinsa ya lalace. Wata shekarar ta zo, ya ce matarsa ta kusa haihuwa. Wata kuma ya tafi Umra. Ku ji fa. Ya iya hawa jirgin sama ya ƙetare ƙasashe ya je ya roƙi Allah gafara, amma Chadi da ke nan bayan gida ta gagare shi. Duk sanyi jikoki su zo su dafa gwiwata, "Kaka, bana za mu je?" In ce su je su tambayi ubansu. Ƙannensa da ba su yi komai ba, su ma ya rufe musu ƙofa, da su da 'ya'yansu.

Ana cikin wannan baɗi-baɗin sai tashin hankalin nan ya zo, wanda duk kun sani, ba sai na faɗa ba. Hanyar Baga ta rufe. Kifi ya daina zuwa. Direban ma muka daina ganinsa. Ba labarin tsibiri, ba labarin mutanensa. Alhaji ya kwanta ciwo a cikin wannan shirun, bai tashi ba.

An daɗe, har na fid da rai, sai wata mai tallan daddawa ta ce mini akwai wasu mutanen ruwa da suka sauka a wani kango a Tsohon Maiduguri, cikinsu akwai tsohuwa mai tambayar gidan mai banda a Lamisula. Na yafa mayafi ko takalmin kirki ban tsaya nema ba. Ita ce. Na gane ta da tsayuwarta kafin ta juyo. Muka riƙe juna muka yi kukan da za mu yi. Ta ce sun bar tsibiri da abin da ke jikinsu. Shanu an kore wasu, wasu sun watse a ruwa. Bulama bai jure zaman tudu ba, ya rasu a wani ƙauye a hanya.

Da ɗana ya ji, da kansa ya zo. "Hajiya, ki kai ni." Ya cika bayan mota da shinkafa da atamfa. Na ce duk su zauna a motar. Muka shiga kangon. Ya cire hula, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa a bakin ɗakin da ta rataya buhu a matsayin labule, ya ce da Kanuri, "Ya, ni ne," wato Inna, ni ne.

Ta fito ta daɗe tana kallonsa. Furfura ta fara fito masa a gemu. Ta ce, "Tashi, ɗana, kada ka ɓata rigarka. Saniya na yafe tun kafin a feɗe ta. Amma wanda ya ce ka zo ya tafi yana jiranka, ni kuma ba ni na ɗaura maganar ba balle in kwance. Nonon da zan ba ka ba ni da shi. Bukkar da zan gyara maka ba ni da ita."

Ya fashe da kuka kamar yaro. Ita ce ta dafa kansa. Ni ban dafa ba. Mutane suna ce mini, "Hajiya, ai ya zauna, ki sassauta." Ya zauna, gaskiya ne. Ya zauna a kango inda ba garin da zai gan shi, bayan ubansa ya tafi bai sake ganin abokinsa ba, bayan babu sauran abin da zaman zai dawo da shi.

Ga yadda kowa ya ƙare. Alhaji yana kwance a maƙabartar unguwa. Har ya cika yana tambaya ko direban kifi ya iso. Bulama an binne shi a ƙauyen da ko matarsa ba za ta iya nuna hanyarsa ba yanzu. Direban, an ce yana raye a ƙetaren iyaka, yana dakon albasa. Jar saniya an yanka ta a sunan autar ɗana, unguwa ta ci ta ƙoshi, ni ban kai naman bakina ba. Ɗana kasuwa ta buɗe masa, motocinsa suna zaga gari, kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, ina amsawa. Surukata tana nan da kirkinta, ita ke kai ni asibiti. Jikokina sun girma, ba ko ɗaya a cikin ƙananan da ya iya iyo.

Ƙawata kuwa, ɗana ya ware mata ɗaki mai fanka a gidansa, ta ƙi. A nan take wurina, a ɗakin da Alhaji yake ajiye banda, ta ce ƙamshin wurin ya fi mata. Ƙafa ta fara gagarar mu duka biyu. Jiya ma sai da muka yi faɗa a kan gishirin miya.